HALAL KUMA MAI KYAU: AMANAR DA KE WUYAN MAI GIRKA WA JAMA'A

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, duk wanda ya ratsa unguwar Malali a cikin garin Kaduna ranar Asabar ko Lahadi da hantsi, da wuya ya rasa ganin gidan da aka kafa rumfa a ƙofarsa, an jera kujeru, ana sauke kulolin abinci daga bayan mota. A da, idan biki ko suna ya tashi, matan gida da dangi da maƙwabta ne ke taruwa su yi girki, kuma kowacce ta ga buhun da aka kwance, sau da yawa ma ta san gonar da ya fito. Yanzu al'amari ya sake. Akan ba da kwangilar abincin ne ga masu sana'ar girkin taro, a biya su, su kawo shinkafa da waina da alale da zoɓo a shirye. Haka ake yi a makarantun kwana, da asibitoci, da tarurrukan ma'aikata, da wajen buɗa-baki a watan azumi. Ta haka sai mutum ɗari uku su ci daga tukunya ɗaya, alhali kuwa babu ko ɗayansu da ya ga abin da aka zuba a cikinta.

Musulmi idan aka ajiye masa abinci irin wannan, tambayarsa guda ce: shin naman yankan Musulmi ne, kuma babu alade, babu giya? Da zarar an ce masa haka ne, sai hankalinsa ya kwanta. To, abin da ya kamata a tsaya a duba shi ne, shin da wannan amsa kaɗai an sauke nauyin da Shari'a ta ɗora? Wake halal ne, tumatir halal ne, ayaba halal ce. Amma waken da aka yayyafa wa fiya-fiya aka ɗinke buhu, da tumatirin da aka yi wa feshi jiya aka tsinke yau, da ayabar da aka nunar da garin kabaid na masu walda, mene ne matsayinsu? Kuma idan cuta ta biyo baya, a wuyan wa take?

Allah Maɗaukakin Sarki, a cikin Suratul Baƙara aya ta 168, da Ya umarci mutane su ci daga abin da ke bayan ƙasa, sai Ya siffanta abin ci ɗin da siffa biyu: ya zama halal, kuma ya zama ɗayyib, watau mai kyau, mai tsabta. Haka siffofin nan biyu suka sake zuwa tare a Suratun Nahli aya ta 114. A Suratul Muminuna aya ta 51 kuwa, Manzanni aka umarta da cin abubuwa masu kyau, sannan aka biyo da umarnin aiki nagari, kamar ana nuna cewa na biyun yana tsirowa ne daga na farkon. Ibnu Kasir a tafsirinsa ya fassara ɗayyib da abin da yake mai daɗi a kan kansa, wanda ba ya cutar da jiki kuma ba ya cutar da hankali. Ashe ke nan rashin cutarwa yana cikin umarnin tun asali, ba ƙari ne da likitocin zamani suka kawo ba.

Akwai kuma abin lura a cikin ƙissar As'habul Kahfi. Samarin nan sun farka daga barcin shekara 309 da yunwa, suka aiki ɗayansu cikin birni da kuɗin azurfa, kamar yadda ya zo a aya ta 19 ta Suratul Kahfi. Ba su ce ya sayo mafi araha ko mafi yawa ba. Cewa suka yi ya duba wane abinci ne ya fi tsarki. Ga yunwa, ga tsoron kada a gane su, amma duk da haka suka ɗora wa ɗan aiken nauyin dubawa. Mai girkin taro a yau shi ne ɗan aiken nan. Jama'a sun miƙa masa kuɗinsu, sun zauna suna jira, shi kaɗai ne ya shiga kasuwa da idonsa.

Wannan magana ba tsoratarwa ce ta banza ba, domin kuwa abubuwa sun faru. A shekarar 2008, a Jihar Gombe, an kwashi ɗalibai mata fiye da 100 na wata makarantar sakandare zuwa asibiti bayan sun ci waken da aka adana da maganin ƙwari. A watan Yuni na 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya, saboda yawan guba irin ta fiya-fiya da aka samu a cikinsa. Abin da dokarsu ta yarda da shi bai wuce miligiram 0.01 a kowane kilo ba, amma a wasu buhunan an sami har 4.6, watau ninki 460. Abin tambaya a nan shi ne, waken da Turai ta ƙi, wa ya ci shi? A shekarar 2021 kuma a Kano, ɗaruruwan mutane sun kwanta asibiti, wasu suka rasa rayukansu, saboda shan abin sha da aka haɗa da gurɓataccen garin ɗan tsami. Hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993 domin kula da abinci da magunguna, ta sha yin gargaɗi game da nunar da 'ya'yan itatuwa da kabaid, domin garin nan idan ya sami laima yana fitar da iskar da ke sa ɓawo ya yi launin nuna, kuma yakan zo da ɓurɓushin guba mai taɓa hanta da ƙoda. A duk waɗannan, babu inda aka ci mushe ko alade. Halal aka ci, amma halal ɗin da hannun ɗan Adam ya raba shi da kyawunsa.

A ƙasashen Turai da Amurka, tsoron irin wannan ne ya haifar da kasuwar abincin da suke kira oganik, watau wanda aka noma da takin gargajiya, ba takin zamani, ba maganin feshi na masana'anta. Suna da hukumomi masu zuwa gona su duba, su ba da takardar shaida, a manna tambari a jikin kaya, kuma mai saye ya biya fiye da kuɗin na gama-gari. Har gidajen abinci da makarantu a can sukan yi alfahari da cewa kayan girkinsu daga gonakin kusa suke. Musulmi ba ya bukatar ya ari tsoronsu kafin ya san wajibinsa, domin ƙa'idar tana cikin littafin da almajirai ke karantawa a zaure. Ibnu Abi Zaid Alƙairawani, a babin ciniki na littafinsa Risala, ya lissafa abubuwan da ba su halatta ba: algus, da yaudara, da ɓoye aibi, da cakuɗa mummuna da mai kyau. Sannan ya kawo ma'aunin da ya tattara su duka, cewa bai halatta mai sayarwa ya ɓoye wani abu game da hajarsa wanda da ya ambace shi mai saye zai ƙyamace ta ba.

To, a ɗora wannan ma'auni a kan buhun wake. Da ɗan kasuwa zai ce wa mai girki, wannan waken makon jiya aka zuba masa fiya-fiya, za ta saya? Da mai girki za ta tsaya gaban baƙi ta ce alalen nan da irin wannan waken aka yi shi, za su ci? Idan amsar a'a ce, to, shirun da aka yi shi ne algus ɗin. Imamu Muslim ya ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya wuce wani tsibin abinci a kasuwa, ya cusa hannunsa ciki, sai yatsunsa suka taɓo laima. Mai kayan ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi. Sai Annabi ya tuhume shi don me bai sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani ba, kuma ya barranta daga mai yin algus. Abin lura shi ne, mutumin nan ba shi ya jiƙa abincin ba, laifinsa ɓoyewa ne kawai. Ina kuma ga wanda ya zuba gubar da hannunsa? Kuma laimar ruwan sama hannu yana jin ta, amma maganin ƙwari a cikin ƙwayar wake ba hannu ba ido da zai gano shi, saboda haka amanar ta fi nauyi.

Sai dai adalci ya wajaba a cikin magana. Wani zai ce, ashe takin zamani da maganin feshi haramun ne ke nan? Ko kusa. Asalin abubuwa halacci ne, kuma babu mai ikon haramta abin da Allah bai haramta ba. Bayan farin da aka yi a farkon shekarun 1970, gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta fito da shirin ciyar da ƙasa a 1976, ta Alhaji Shehu Shagari kuma ta biyo da nata shirin bunƙasa noma a 1980, aka yi ta raba taki da rangwame, har a nan Kaduna aka kafa masana'antar takin sufa. Masarar da ta cika ƙasar Zazzau a yau, da takin nan da ingantaccen iri ta samu. Wanda ya ce a watsar da su dare ɗaya, to ya dubi ƙasar Siri Lanka, wadda gwamnatinta ta hana shigo da takin zamani a watan Afrilu na 2021, amfanin shinkafa ya faɗi, abinci ya yi tsada, tilas aka janye dokar kafin shekarar ta ƙare. Yunwa ita ma cuta ce, kuma talaka take fara kamawa.

Haka kuma ba duk abin da aka kira na gargajiya ne yake da kyau ba. A mazhabar Malikiyya kashin dabbar da ake cin namanta mai tsarki ne, kuma Shaihu Halil a Muhtasar ya lissafa shukar da aka shayar da najasa a cikin abubuwa masu tsarki. Amma tsarkin da ke sa salla ta inganta daban, kuɓuta daga cuta daban. Latas da kabejin da aka yi wa ban-ruwa da ruwan kwata, ko aka zuba musu sharar birni mai cike da leda da matattun batura, ba a ce najasa ne a hukunce ba, amma suna iya ɗauke da taifot ko dalma zuwa cikin wanda ya ci. A nan wata ƙa'ida ce ke aiki, wadda Imamu Malik ya kawo hadisinta a Muwaɗɗa, ta hana cuta da cutarwa. Saboda haka iyakar da Musulunci ya shata tana tsakanin abin da ke cutarwa da wanda ba ya cutarwa ne, da tsakanin abin da aka bayyana da wanda aka ɓoye. Maganin feshin da aka yi da gwargwado, aka jira kwanakin da aka rubuta a jikin kwalba kafin a tsinki amfani, babu laifi a kansa. Wanda aka ninka, ko aka zuba kai tsaye a kan abin da za a ci, shi ne ta'adi.

Kuma ba manomi da ɗan kasuwa kaɗai ne abin zargi ba. Hausawa sun ce idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. A shekarar 2016 wata tsutsa da manoma suka sa wa suna sharon ta cinye gonakin tumatir, har gwamnatin Jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan lamarin. Manomin da ya ga guminsa na wata uku yana ƙonewa cikin 'yan kwanaki, ba abin mamaki ba ne ya kai hannu ga kwalba fiye da kima. Ɗan kasuwar da ya san mai saye zai ture waken da ya ga huda ɗaya a jikinsa, shi ma an nuna masa hanya. Uban biki kuwa da ya gayyaci mutum ɗari biyar da kuɗin abincin mutum ɗari biyu, ya matsa wa mai girki lamba sai ta ciyar da su, ya sani ko bai sani ba ya tura ta ga mafi arahar kaya a kasuwa, kuma araha ba ta ado. Abin takaici, sau da yawa wani ɓangare na abincin nan a bola yake ƙarewa, alhali Suratul A'arafi aya ta 31 ta haɗa izinin ci da sha da hanin almubazzaranci a wuri guda. Da an rage yawan kuloli, da kuɗin ya isa a sayi mai kyau.

A nan ne amfanin sayen abincin kusa yake fitowa. Amana tana bukatar fuska. Buhun da ya ratsa hannu bakwai kafin ya iso Kasuwar Kawo ko Babbar Kasuwa, idan aka sami aibi a cikinsa kowa zai ce ba shi ba ne. Amma Malali tana bakin Kogin Kaduna, kuma da rani fadamun kogin nan cike suke da masu lambu, ga ƙauyukan Igabi ba nisa. Mai girkin da ta ƙulla ciniki da mai lambu guda ko biyu, ta san ruwan da suke ban-ruwa da shi, ta san ranar da suka yi feshi, ta yi musu alkawarin saye kowane mako, ta sami abin da tambarin Turai yake ƙoƙarin bayarwa, ba tare da takarda ba. Shi kuma mai lambu ya sami kasuwa tabbatacciya, ya san wadda zai haɗa ido da ita idan ya yi ha'inci. Kuɗin ya zauna a cikin gari, kayan ba su kwana a mota ba balle a nemi abin da zai hana su ruɓewa. Akwai kuma wani dalili da ya shafi mutanen Malali musamman: a unguwarsu matatar ruwan da ke ɗiba daga kogin take. Abin da aka zuba a gonakin da ke sama da ita, ruwan sama yana wanko wani abu daga cikinsa zuwa kogi. Suratur Rum aya ta 41 ta faɗi cewa ɓarna tana bayyana a tudu da ruwa saboda aikin hannayen mutane, kuma ana ɗanɗana musu wani sashe na abin da suka aikata ko sa komo.

Hanyoyin gyara kuwa ba baƙi ba ne a ƙasar Hausa. Manoman karkarar Kano sun shekara aru-aru suna noma gona ɗaya kowace damina ba ta mutu ba, saboda suna kiwo a gida, suna kai taki da toka gona a mangala bisa jakuna, suna haɗa gero da dawa da wake a kunya ɗaya, suna barin gawo a tsakiyar gona yana zubar da ganye da damina ta kama. A jihar Maradi ta Nijar, tun daga wajen 1983, manoma suka koma barin tohon kututture ya girma maimakon a sassabe shi, abin da suke kira sassaben zamani, har aka ƙiyasta cewa itatuwa sun dawo a fili mai faɗin hekta miliyan 5 a kudancin ƙasar. Wajen ajiya kuma, kakanni sun adana wake da toka da yashi da barkono. Tun daga 2007 aka fara yaɗa buhun nan mai ninki uku da masana na Jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro, leda biyu a ciki da buhu a waje, wanda idan aka ɗaure shi da kyau iska ba ta shiga, ƙwarin su mutu da kansu ba tare da ɗigon magani ba. Wanda yake da wannan hanya a gabansa, ya bar ta ya ɗauki guba, ba shi da uzurin lalura.

Saura hukuma. A biranen Musulunci na da akwai muhtasibi, mai zagaya kasuwa yana duba mudu da sikeli da tukwanen masu abinci. Malam Shaizari, a ƙarni na 12, ya rubuta littafi a kan wannan aiki, ya ware babi ga masu gashin gurasa, da mahauta, da masu dafuwa, ya bayyana irin algus ɗin kowace sana'a da yadda ake gano shi. Dattawa kuma ba su manta da duba-gari ba, wanda jin sunansa kaɗai yakan sa a wanke randa. Wajibi ne hukumomin yau su riƙe wannan aiki da gaske, musamman a kan masu kwangilar ciyar da ɗalibai da marasa lafiya da fursunoni, domin waɗannan ba su da zaɓi, abin da aka ba su shi za su ci. Amma komai yawan ma'aikata, ba za a sa mai gadi a kan kowace tukunya ba.

Abin da ya rage shi ne mai gadin da ke cikin ƙirji. Malaman tarihi sun kawo cewa Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi yana zagayen dare a Madina, sai ya ji wata mata tana umartar 'yarta ta zuba ruwa a madarar da za su sayar, tana ce mata ai Umar ba ya ganinsu. Yarinyar ta ƙi, ta tuna wa uwar cewa Ubangijin Umar Yana gani. Da gari ya waye Umar ya nemo ta, ya aurar da ita ga ɗansa Asim, kuma daga tsatsonta aka sami Umar ɗan Abdul'aziz, halifan da ake buga misali da adalcinsa. Ruwa ne fa kawai, wanda ba ya kisa, kuma da an zuba babu wanda zai gane.

Ya tabbata a Buhari da Muslim cewa duk Musulmin da ya dasa itace ko ya shuka amfani, mutum ko tsuntsu ko dabba ya ci, to sadaka ce a gare shi. Idan ana rubuta wa manomi ladar kowace ƙwayar da ta amfani wani, to ya dace ya ji tsoron a rubuta masa kowace ƙwayar da ta cutar. Haka mai girkin taro: mutum ɗari uku da suka ci abincinta suka tashi lafiya, lada ɗari uku ce idan ta kyautata niyya, kuma ba ƙaramar sana'a ba ce wadda ake samun kuɗi da lada a tukunya ɗaya. Abin da ake nema daga gare ta shi ne ta tambaya kafin ta saya, ta sansana, ta wanke, ta ƙi abin da take shakka, kuma idan kuɗin da aka ba ta ba zai isa a sayi mai kyau ba, ta faɗa wa mai biki gaskiya tun kafin a ɗora tukunya. Kada ta zuba wa 'ya'yan mutane abin da ba za ta zuba wa nata ba.

Allah Ya azurta al'ummar Musulmi da halal mai kyau, Ya sanya albarka a gonaki da kasuwanni da tukwane, Ya tsare bayinSa daga cin amana da cin abin da zai cuce su. Shi ne Mafi sani, kuma gare Shi makoma take.